Hannun da Na Bari a Miƙe

Akwai ranar da ko tsufa ya fara kwashe mini tunani, ina jin ita ce za ta zama ta ƙarshen fita daga kaina. Safiyar wata ƙaramar Salla ce, a filin idin ƙauyenmu da ke kusa da Dogo-Dogo, shekarar da na yi ciwon shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya faru bai kai tsawon shan moɗar ruwa ba, kuma banda mutum biyu ko uku da ke kusa da ni a sahu babu wanda ya lura. Amma kafin in kai ku filin idin sai na fara kai ku wani filin daban, don can maganar ta samo asali.

Ni ɗan kokowa ne tun tasowata. Ubana ya yi, kakana ya yi, ni kuma na zo na ɗauka da zafi fiye da su duka. Da an gama yankan hatsi aka ɗaure dammuna, ba ni da sauran zama a gida. Yau muna Dungas, jibi muna Waca, duk inda aka kafa ganga ina can da walkina da layuna. A fagenmu doka ɗaya ce kowa ya sani, da gwiwarka ta taɓa ƙasa an kayar da kai. To ni gwiwata ce abin alfaharina. Ba zan yi muku ƙarya in ce ba a taɓa kayar da ni ba, an yi, amma yatsun hannu ɗaya sun isa ƙirgawa. Makaɗa suka gane lagona, da na shigo sai su hau kirarin mai gwiwar da ba ta san ƙasa ba, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura har na fara tafiya kamar ƙasar ma alfarma nake mata da nake taka ta.

Akwai kuma wata al'ada da ake koya wa ɗan kokowa tun ranar da aka fara ɗaura masa walki. In ka kayar da mutum, kai za ka ɗaga shi. Ka miƙa masa hannu, ka tashe shi, ka kaɗe masa ƙasar da ke bayansa, sannan ka je gaban makaɗa ka yi rawarka yadda ka ga dama. Ba alƙalin wasa ke tilasta wannan ba, tarbiyya ce kawai, kuma da ita dattawa ke gane ɗan gidan da aka yi kokowa da wanda ya tsince ta a hanya.

A zamanin akwai wani dogon mutum daga Mallawa, sa'ana ne, mai dogayen hannuwa da sanyin kama. Sau uku muna haɗuwa ba kaye, har rana ta faɗi a raba mu. A karo na huɗu, a garinsu, ya shigo fage yana kirari, ya ce yau sai an maida ni Dogo-Dogo a amalanken jaki. Jama'a suka yi ta dariya, abin ya tsaya mini a rai. Muka kama, muka daɗe, can ya ɗan saki ƙafar dama na shige masa, na ɗaga shi na buga da ƙasa a gaban danginsa da surukansa. Yana kwance ya miƙo mini hannu yana murmushi, irin na wanda ya yarda an fi shi yau. Na ga hannun sarai. Na dube shi, na juya na tafi wajen makaɗa na bar shi a miƙe. Wani dattijo ne daga cikin 'yan kallo ya shigo ya tashe shi.

Da na koma gida da ragon da na ci, ubana ko kallon ragon bai yi ba. Ya ce, "An ce ka kayar da mutum ka bar shi ƙasa." Na fara kawo maganar amalanke, ya ɗaga mini hannu. "Kirari baki ne, kowa na yi. Kai abin da ka yi da hannu ka yi shi." Bai ƙara ba, kuma da aka yanka ragon bai ci naman ba. Ni a lokacin gani na yi tsohon ya cika tsanani. Mutumin Mallawa kuwa tun daga ranar ba mu sake kamawa ba, in mun haɗu a kasuwa kowa ya dubi wani gefen. Haka muka yi fiye da shekara ashirin, har muka ajiye walki, furfura ta fito mana.

Ciwon ya same ni da kaka, da hantsi, ina ɗaurin dami a gona. Da daɗewa likita ya gaya mini tansiyona tana hawa, wato hawan jini, ya rubuta mini ƙwayoyi, na sha na kwana goma na ajiye. A ganina mutumin da ya ɗaga ƙarti sama ba ƙwaya ce za ta riƙe shi ba. Ina jan igiya sai na ga hannun hagu ya sake ta da kansa. Na sunkuya in ɗauka, ƙafar ma ta ƙi, na zube a kan karan hatsi. Maiɗakina ce ta iso da fura ta tarar da ni baki a karkace, ina magana ba a ganewa. Ta yi kururuwa, maƙwabtan gona suka zo, aka ɗora ni a amalanken jaki zuwa gidan likita, daga can aka sa ni a mota sai Magariya.

Na yi makonni a asibiti aka sallamo ni, magana ta fara dawowa, amma hannun hagu da ƙafar hagu sai a hankali. 'Ya'yanmu huɗu duka mata ne, kowace tana ɗakinta, suna zuwa suna komawa. Nauyin duka a kan maiɗakina ya sauka, ita ke juya ni, ita ke yi mini alwala, ita ke ƙirga mini ƙwayoyin da na raina. Sai kuma yayata, wadda ta tattaro kayanta ta dawo gidan don jinya. Yayata mace ce mai ƙaunata ƙwarai, amma in ta riƙe magana ba mai ƙwace ta. Ita tun ranar farko ta yanke hukunci cewa wannan ba tansiyo ba ce, jifa ne. Ta ce, "Wa ya ce sai an ɗauke ka a amalanken jaki? To ba ga shi an ɗauke ka ba?" Mu gidan 'yan kokowa ne, mun tashi cikin layu da rubutun sha da binne-binne a bakin fage, don haka maganar ba ta yi wa kowa nauyin shiga kunne ba. Ni kaina, da likita ya nuna mini komai a fili, sai da na bar mata wuri a zuciyata.

Wata rana da la'asar na ji tsayuwar moto, wato babur, a ƙofar gida, na ji sallama. Muryar ta tsufa, amma na gane ta. Mutumin Mallawa ne ya ji labari ya zo dubiya, da goro da kwalbar man shanu na shafa. Yayata ta tare shi a zaure. Ina kwance ina jin ta tana cewa, "Mai jikin ya yi barci. Kayanka kuma ka koma da su, mun gode, abin da aka aiko ma ya isa." Sai ya ce, "To, Allah ya ba shi lafiya," na ji moton ya tashi. A lokacin harshena ya warware har ya isa in ɗaga murya in ce a bar shi ya shigo. Ban ce ba. Rabi zargi ne, rabi kuma ba na son ya gan ni a shimfiɗe. Maiɗakina da ke bakin murhu ta dube ni ta ƙofar ɗaki, na kuma san ta san idona biyu.

Duk cikin ciwon babu abin da ya ci mini rai kamar salla. A zaune nake yi, jingine da bango, ina sunkuyar da kai a madadin ruku'u da sujada. Limaminmu ya zo har gida ya ce mini sallata cikakkiya ce, Allah bai ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Na yarda da shi, ban yi musu ba, amma zuciyata ba ta daina nema ba. Ni da na yi ƙuruciyata duka ina tsaron gwiwata kada ta taɓa ƙasa, sai ga ni ina hawaye a ɓoye don in samu ta taɓa, in ɗora goshina inda kowa ke ɗorawa. Ga shi azumi ya zo likita ya hana ni yi saboda magani. Sai na ƙudura a raina cewa sallar idi dai a tsaye zan yi ta, cikin sahu, da ruku'unta da sujadarta.

Maiɗakina ta kife mini turmi a tsakar gida, ta zuba rairayi a gefensa. Kullum da safe in dafa turmin in sauka a kan gwiwa, in yi ƙoƙarin tashi. Saukar ba ta daɗe ba na iya, tashin ne aiki. Ni mutum ne mai jiki, ciwon bai rage ni da yawa ba, kuma duk wanda ya zo taimako hannuna yake kamawa ya ja. In ya ja na hagu kafaɗar kamar za ta cire, in ya ja na dama sai in juye gefe. Akwai ranar da maƙwabta biyu suka haɗu a kaina, muka zube mu uku, maiɗakina ta shige ɗaki don kada mu ga tana dariya. Zuwa ƙarshen azumi, in na gwada sau uku nakan tashi sau ɗaya, shi ma da turmi. A filin idi kuwa babu turmi, sanda kuma nutsewa take cikin rairayin wurin.

Ana jibi Salla ta ce mini, "Malam, ka bari a kai maka kujera. Ba wanda zai ce komi." Na ce ba zan zauna a kujera ba. Ta ce, "In ka sauka ka kasa tashi fa?" Na ce in haka ta faru, to na gama fita, ba masallaci ba kasuwa, in zauna a ɗaki har ranar da za a fitar da ni. Ba barazana nake mata ba, har raina haka na yanke. Garin da ya san ni da kirarin gwiwa ba zan yarda ya gan ni ina rarrafe a ƙasa kowa na tsaye ba. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Taurin kan nan dai ciwo bai shanye shi ba," ta ɗauki gyalenta ta fita.

Ranar Salla na fita da wuri, ina dogara sanda, ina hutawa a gindin kowace bishiya. Na samu wuri a ƙarshen sahu na shimfiɗa darduma, na ajiye sandar a gabana. Rana ta fara zafi, mutane na ta kabbara, ni kuwa tsoro ya cika ni. Ban taɓa jin irinsa a bakin fage ba. Liman ya iso aka miƙe ana daidaita sahu, sai wani ya zo a gurguje ya tsaya a haguna, ɓangaren da ya mutu. Ban dube shi ba, hankalina na kan ƙafata. Na dai ga gefen farar riga da doguwar ƙafa.

Aka tayar. Tsayuwar ta yi, ruku'u ya yi. Da liman ya yi kabbarar sujada na sauka a hankali yadda na koya, gwiwar dama, sannan ta hagu, na ɗora goshina. Wata shida rabona da wannan. Na ji ɗumin rairayi ta cikin darduma, na ji ƙamshin ƙasa, hawaye suka zubo ban san lokacin ba. Na ɗago, na sake komawa. Sai liman ya yi kabbarar tashi, na ji motsin riguna ko'ina, sahu duka yana miƙewa. Na kafa ƙafar dama na yunƙura, ta hagu ta ƙi amsawa. Na sake yunƙurawa, hannun dama ya nutse cikin rairayi. Na ce a raina shi ke nan, ta faru.

Sai na ji hannu ya shigo ta hannun rigata ya kama ƙuguna, daidai mazargin wando. Kafaɗa ta shiga ƙarƙashin hammatata ta hagu, cinya ta tokare tawa. Mai hannun bai ja ni ba. Ya jira, yadda ɗan kokowa ke jiran nauyin abokin karawarsa ya koma ƙafa ɗaya, har na sake kafa ta dama, sannan ya miƙe da ni gaba ɗaya cikin tashinsa. Kafin liman ya gama kabbarori ina tsaye cikin sahu, hannun ya janye. Jikina ya riga kaina gane shi. Sau huɗu wannan hannun ya taɓa kama ƙuguna a duniya, kuma babu mai irin wannan kamun sai mutum ɗaya.

Allah ya gafarta mini, ban san surar da liman ya karanta a raka'a ta biyu ba. Da aka yi sallama na juya hagu, ga shi nan, gemu ya yi fari fat, wuya ya yi tsawo, yana kallon gabansa kamar bai san ni ba. Muka zauna aka yi huɗuba, kafaɗarmu na gugar juna. Da aka shafa fatiha jama'a suka fara tashi ana gaisawa, ya miƙe ya tsaya a kaina ya miƙo hannu.

Ya ce, "Ga hannun nan, shi ne dai na Mallawa. Tun ranar yake miƙe, ya gaji."

Na kama da hannun dama, ya sa ɗayan a ƙuguna ya tashe ni. Na buɗe baki in yi magana, kuka ya riga ni. Da kyar na ce, "Ka yafe mini. Na gan shi ranar nan, da gangan na bar shi. Ranar da ka zo dubiya ma idona biyu."

Ya ce, "Na sani, ai na ji tarinka. Fushina shekara biyu ya yi ya ƙare, sauran duk jiranka nake. Ka yi hanƙuri da kukan nan, yara na kallo, za su ce na rama."

Ya sunkuya ya kaɗe mini rairayin da ke gwiwar wandona. Na ce masa ya juya. Ya ce me zai juya ya yi, na ce ya juya dai. Ya ba ni baya, na sa hannuna mai lafiya na kaɗe masa rigar tun daga kafaɗa har ƙugu, ko da yake babu ƙasa ko ƙwaya ɗaya a jikinta. Ya tsaya cak har na gama, kuma da ya juyo na ga shi ma idonsa ya kawo ruwa.

A hanya na tambaye shi abin da ya raba shi da idin garinsu. Ya ce maiɗakina ce ta aika wa ƙanwarta da ke aure a Mallawa, ita kuma ta same shi har gida. Saƙon gajere ne, wai mijinta zai sauka ƙasa ranar idi, kuma duk yankin ba ta san wanda ya iya ɗaga shi ba tare da ya ɓalla masa kafaɗa ba sai wanda ya saba kama shi. Ya ce tun da sassafe ya hau moto, ya laɓe a bayan jama'a har aka tayar da sahu, don ya san in na gan shi da wuri girman kai zai sa in koma gida. Ban yi masa gardama ba, gaskiya ya faɗa.

Da muka shiga gida tare, maiɗakina na tuƙa tuwo, ta ɗago ta ga rairayi a goshina, ta ga wanda ke riƙe da ni, sai ta maida kai kan tukunya tana share ido da gefen zane, wai hayaƙi. Yayata ce ta yi tsaye da kwano a hannu. Na gaya mata abin da ya faru tun daga farko. Sai ta je da kanta ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa ta durƙusa ta ce, "Bawan Allah, na ɗauki alhakinka, ka yafe mini." Ya karɓi ruwan ya ce, "Ba komi, Yaya. Amma ki duba, da ina da asirin kayar da wannan ƙaton, ai ranar Mallawa zan yi aiki da shi, ba sai na jira ya tsufa ba." Muka yi dariya har na sarƙe, ita ma ta yi, tana rufe baki.

Yau shekaru sun wuce. Ƙafar ba ta dawo yadda take ba, amma ina zuwa masallaci da kaina, ina sauka ina tashi, ran da jiki ya ƙi kuma in zauna in yi sallata ba tare da jin kunyar kowa ba. Ƙwayoyina ba na tsallake ko ɗaya. Da kaka ni da mutumin Mallawa mukan zauna tabarma ɗaya a bakin fage, muna kallon samari muna kushe kamunsu. In aka yi kaye jama'a na ihu, ni idona na kan wanda ya yi nasara, in ga ko zai juya ga makaɗa ko zai sunkuya.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ƙarfin da na yi ta taƙama da shi aro ne, kuma safiya ɗaya ta isa a karɓe shi. Duk ɗan Adam akwai ranar da zai sami kansa a ƙasa yana neman hannu, kuma ba shi ke zaɓar hannun da zai zo ba. Ni nawa ya zo daga mutumin da na bari a kwance, ba don na cancanta ba. Shi ya sa duk saurayin da ya zo in sa masa albarka kafin ya shiga fage, ba na koya masa kamu, wannan zai koya ko ba ni. Nakan riƙe hannunsa in ce, in Allah ya ba ka sa'a ka kayar, kada ka taka rawa sai ka tashe shi.